Haƙori Ɗaya, Hukumomi Biyu: Darasin Ostireliya da Niyuzilan kan Daidaita Dokokin Kayan Aikin Haƙori

Tsakure

Maƙalar ta duba yunƙurin da Ostireliya da Niyuzilan suka yi daga 2003 zuwa 2014 na kafa hukuma guda da za ta kula da magunguna da kayan aikin asibiti a ƙasashen biyu, da abin da rushewar yunƙurin ta bayyana game da sana'ar haƙori. Matsayinta shi ne, abin da likitocin haƙori da marasa lafiyarsu suke buƙata daga maƙwabtan ƙasashe abu huɗu ne: ma'ana ɗaya, rabon aji ɗaya, karɓar binciken juna, da saurin sanar da juna idan kaya ya yi aibi. Haɗe hukumomi wuri guda ya fi waɗannan duka wuya, kuma ya fi su saurin karyewa.

Gabatarwa

Tun 1998 akwai yarjejeniya tsakanin Ostireliya da Niyuzilan wadda ta tanadi cewa hajar da doka ta halatta sayarwa a ɗaya ƙasar ana iya sayar da ita a ɗayar, kuma mai sana'ar da aka yi wa rajista a nan yana da damar a yi masa rajista a can ba tare da ya sake zama jarrabawa ba. Likitan haƙori yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan tanadi. Wanda ya sami lasisi a Okland zai iya tsallaka Tekun Tasman ya kama aiki a Sidni. Amma sinadarin cikon da hannunsa ya saba da shi, da injin da yake huda haƙori da shi, ba su da wannan 'yanci, domin tun ranar farko an ware magunguna da kayan asibiti daga yarjejeniyar. Ƙasashe ne biyu masu harshe ɗaya, masu tushen shari'a ɗaya, waɗanda suka buɗe wa juna kasuwa tun yarjejeniyar ciniki ta 1983. Idan akwai maƙwabtan da ya kamata daidaita dokar kayan asibiti ya zo musu da sauƙi, to su ne. Sun gwada sau biyu, sau biyu abin ya ci tura. Wannan ne ya sa na ɗauke su a matsayin ma'auni, domin inda sharuɗɗa suka fi kyau aka kasa, dole a tambayi ko tun farko hanyar da aka ɗauka ce ba daidai ba.

Yadda kasuwar kayan haƙori take

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a san abin da ya bambanta kayan haƙori da sauran kayan asibiti, don a nan ne lissafin yake sauyawa. A ɗauki murfin da ake sanya wa haƙori, irin wanda mutanenmu suka sani a haƙorin Makka, sai dai na yau galibi fari ne. Likita zai fara rage haƙorin da ɗan ƙaramin baki mai ƙwayoyin lu'ulu'u da ake ɗaura wa injin, kuma irin waɗannan bakuna suna da siffofi barkatai, kowace da aikinta. Zai tura wani siririn zare tsakanin haƙori da dasashi don gefen ya fito. Zai ɗauki shatin haƙoran da wani sinadari mai danƙo, ko ya ɗauke su da na'urar hoto mai shiga baki wadda manhaja ke sarrafawa. Zai gwada launi da allon gwaji, wanda mafi shahararsa yake da launi 16 daga A1 zuwa D4. Daga nan aiki ya koma hannun maƙerin haƙori, wanda zai sa injin sassaƙa ya fitar da murfin daga dunƙulen zakoniya, ya gasa shi a tanda, ya shafa masa ƙyalli. A ƙarshe likita ya manna shi da siminti, wani lokaci ya haska masa fitila mai shuɗin haske don ya bushe. A wannan aiki guda kayayyaki sun haura goma, kuma abu ne da aka saba gani a ce dunƙulen daga Japan, simintin daga Jamus ko Amurka, injin daga Suwizalan. Kusan kowanne daga cikinsu doka tana ɗaukarsa kayan aikin asibiti ne mai buƙatar wanda zai ɗauki alhakinsa.

Wannan shi ne yanayin kasuwar baki ɗaya. Kayan suna da yawan gaske, kowanne ana sayar da kaɗan daga cikinsa, yawancinsu haɗarinsu ƙarami ne ko matsakaici, kuma masu shigo da su sau da yawa ƙananan kamfanoni ne. Kamfanin da ke sayar da na'urar bugun zuciya yana iya biyan kuɗin rajista mai tsada domin na'ura ɗaya tana kawo kuɗi mai yawa. Mai shigo da kayan haƙori kuwa yana riƙe da hajar masana'antu da dama, kuma ribar da ke kan wani nau'in allura ko zare ba lallai ta kai kuɗin takardarsa ba. Idan hukuma ta ƙara kuɗi ko ta ƙara takarda, ba ya rufe shago, cire kayan da ba sa tafiya sosai yake yi daga kundinsa. Abin da ke ɓacewa shi ne kayan aikin da ake buƙata jefi-jefi, na yaro mai naƙasar muƙamuƙi ko na tsoho mai wata matsala ta daban. Ba a ganin wannan asara a alƙaluman ciniki, a kan kujerar likita ake ganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa cututtukan baki suna damun mutum kusan biliyan 3.5, kuma a ƙasashe da yawa, har da Ostireliya da Niyuzilan, babban mutum daga aljihunsa yake biyan kaso mai tsoka na kuɗin gyaran haƙori. Don haka duk kwabon da doka ta ɗora wa mai shigo da kaya yana isa ga marar lafiya ba tare da wani ya tare masa ba.

Yunƙuri biyu, faɗuwa biyu

Tsarin ƙasashen biyu ya yi hannun riga. A Ostireliya, hukumar TGA tana aiki ne da dokar 1989 da ƙa'idojin kayan aikin asibiti na 2002. Kaya ba ya shiga kasuwa sai an shigar da shi kundin rajista na ƙasa, bayan an nuna shaidar cewa an tantance masana'antar da ingancin kayan gwargwadon ajinsa. Kowane mai shigo da kaya sai ya yi tasa rajistar ko da wani ya riga ya yi wa kayan, kuma hukumar daga kuɗin da masu sana'a ke biya take gudanar da mafi yawan aikinta. A Niyuzilan, hukumar Medsafe tana aiki da dokar magunguna ta 1981, wadda ba ta tanadi tantance kayan aiki kafin su shiga kasuwa ba. Abin da ake nema daga mai shigo da kaya shi ne ya shigar da bayaninsa a rumbun bayanai na intanet da ake kira WAND cikin kwana 30, kuma ba a biyan ko sisi. Alhakin ingancin kayan yana wuyansa, hukuma tana shigowa ne idan matsala ta ɓullo.

A Disamba 2003 gwamnatocin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar kafa hukuma guda, wadda aka san ta da ANZTPA, da za ta maye gurbin TGA da Medsafe, ta riƙa ba da lasisi ɗaya mai aiki a ƙasashen biyu. An gabatar da ƙudurin dokar a majalisar Niyuzilan a ƙarshen 2006, amma a Yuli 2007 gwamnatin Helen Clark ta jingine shi domin ba ta da isassun ƙuri'u. Abin da ya kashe shi ba shi da alaƙa da haƙori ko kayan tiyata. Rigimar ta taso ne a kan magungunan ganye da ƙwayoyin ƙarin kuzari, waɗanda masu sayar da su da masu shansu a Niyuzilan suka ji tsoron tsauraran dokokin Ostireliya za su kore su daga kasuwa, ga kuma ƙorafin cewa ana miƙa ikon majalisa ga hukumar da babbar maƙwabciya za ta mamaye. A Yuni 2011 Julia Gillard da John Key suka farfaɗo da shirin, suka ba shi shekara biyar, aka kuma bar Niyuzilan ta yi wa magungunan ganye nata tsarin daban. Duk da an cire wannan ƙaya, a Nuwamba 2014 ministocin lafiya, Peter Dutton da Jonathan Coleman, suka sanar da cewa an daina, bayan nazarin kuɗin da shirin zai ci da amfanin da zai kawo.

Darasi na farko a fili yake. Hukuma guda takan ɗaure abubuwa da yawa a dami ɗaya, maganin asibiti da maganin ganye da jini da kayan aiki, kuma duk wanda ya ƙi abu ɗaya a cikin damin zai yi adawa da damin gaba ɗaya. Masu kayan haƙori sun zauna shekara goma sha ɗaya suna jiran sakamakon faɗan da ba nasu ba. Darasi na biyu ya fi zurfi, kuma faɗuwar 2014 ce ta fito da shi. Idan aka haɗa tsari mai tsauri da tsada da tsari mai sauƙi da ba a biya, sabon tsarin zai karkata ne zuwa ga mai tsaurin, domin babu gwamnatin da za ta fito ta ce wa jama'arta ta sassauta tsaron lafiyarsu don ta dace da maƙwabciya. Ga kamfanin da ke Melbon, lasisi ɗaya yana nufin ƙarin kasuwar mutum kimanin miliyan biyar a kan kuɗin da dama yana biya. Ga ƙaramin mai shigo da kaya a Welintan, wanda ba ya sayar da komai a Ostireliya kuma ba shi da niyyar yi, yana nufin sabon kuɗin shekara-shekara a kan kowane nau'in kaya, ba tare da ya sami ko abokin ciniki ɗaya ba. Riba ta taru a gefe ɗaya, nauyi ya taru a ɗayan, kuma gefen da ya ɗauki nauyin yana da majalisar da za ta iya cewa a'a.

Daidaitawar da ta yi aiki ba tare da shela ba

Yayin da ake wannan ja-in-ja, wata daidaitawa tana gudana wadda babu ministan da ya yi mata taron manema labarai. A duba siririyar allurar da ake share jijiyar haƙori da ita. Lambar da ke jikinta tana nuna kaurin bakinta: lamba 25 tana nufin milimita 0.25. Launin mariƙinta ma an ƙayyade shi: 15 fari, 20 rawaya, 25 ja, 30 shuɗi, 35 kore, 40 baƙi. Mai taimaka wa likita a Okland, ko a Alƙahira, ko a Kano, idan aka ce ta miƙo ja, ta san abin da za ta ɗauko, ko wace masana'anta ta ƙera shi. Wannan aikin kwamitin haƙori na Hukumar Ma'aunai ta Duniya ne, kwamitin da ake kira ISO/TC 106, kuma irinsa ya shafi sinadaran ciko da hanyoyin gwada ko abu zai cutar da naman baki. Ba a rushe hukumar kowa ba kafin a kai ga wannan, kuma babu majalisar da ta ga an taɓa mata iko.

Haka abin yake a matakin doka. A 1992 hukumomin Amurka, Turai, Japan, Kanada da Ostireliya suka kafa dandalin GHTF tare da masu masana'antu, wanda IMDRF ya gada a 2011. Daga nan aka sami samfurin raba kaya aji-aji bisa haɗari da jerin sharuɗɗan inganci, kuma ƙa'idojin Ostireliya na 2002 sun ginu ne a kan wannan samfuri, shi ya sa suka yi kama da na Turai ƙwarai. Mafi yawan kayan da ke kundin Ostireliya sun shiga ne da takardar shaidar da aka bayar a Turai. A 2018 TGA ta faɗaɗa ƙofar, ta fara karɓar shaidar hukumomin Amurka, Kanada da Japan, da kuma rahoton shirin MDSAP, wanda a ƙarƙashinsa bincike ɗaya da aka yi wa masana'anta yake gamsar da hukumomin Ostireliya, Birazil, Kanada, Japan da Amurka. Mai masana'antar siminti a Jamus ya fi amfana da wannan fiye da yadda zai amfana da ANZTPA, haka ma likitan da ke sayen simintin. Dalilin kuwa shi ne, ƙasashen biyu masu saye ne. Kayan haƙorin da ke tsallaka Tasman daga masana'antar ɗayansu kaɗan ne idan aka kwatanta da wanda ke zuwa musu duka daga Turai, Amurka da Asiya. Tambayar da ta fi muhimmanci a gare su ita ce shaidar wa za su karɓa, kuma amsarta ba ta buƙatar sabon gini.

Inda maƙwabta suka fi cutar da juna shi ne wajen ma'ana, kuma nan ne nake ganin ya kamata a zuba ƙarfi. A Fabrairu 2021 Ostireliya ta fara aiki da sabon tsari kan kayan da ake yi wa mutum ɗaya daidai jikinsa. Tsarin ya taƙaita abin da ake kira kayan da aka ƙera don mutum guda, ya ƙirƙiro rukunin kayan da aka daidaita da jikin marar lafiya, waɗanda sai an yi musu rajista. Manufar ita ce a kama ƙasusuwan roba da na ƙarfe da ake bugawa da injin, waɗanda suka daɗe suna fakewa da tsohuwar ma'ana. Amma ragar ta kamo haƙoran roba da murfin haƙori da robar kare baki, wato aikin yau da kullum na kowane ƙaramin ɗakin ƙera haƙori. Bayan koke daga masu sana'ar, a cikin shekarar hukuma ta gyara, ta mayar da nauyin rajista kan sinadaran da ake aikin da su, ta sauƙaƙa wa yawancin abin da ake ƙerawa da su. Gyaran ya yi daidai, domin haɗarin haƙorin roba yana cikin abin da aka yi shi da shi da kuma ƙwarewar mai yi, kuma ƙwarewar tana da hukumar da ke kula da ita. Turai ma ta gane wannan bambanci, inda dokarta ta 2017 ta ambaci cikon haƙori da murfinsa da ƙarfen gyaran jeri da sunansu, ta ɗauke musu wasu sharuɗɗan da ta ɗora wa sauran abubuwan da ake dasawa a jiki. Sinadarin faranta haƙori misali ne na inda har yanzu kowa ke bin tasa hanya. Turai tana ɗaukarsa kayan kwalliya, ba a sayar wa jama'a kai tsaye wanda ƙarfinsa ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, kuma ko ta hannun likita ba ya wuce kashi 6. A Ostireliya ana sayar da mai kashi 6 ba tare da likita ba. A Niyuzilan kuwa hukumar kare muhalli ce ke riƙe da ƙa'idarsa a matsayin sinadari mai haɗari. Kwalba ɗaya ce, haɗarinta ga dasashi ɗaya ne, amma sunanta a doka uku.

Abin da masu suka za su ce

Suka ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce dogaro da takardar wani yana nufin gadon kuskurensa. Za a kawo misalin kamfanin PIP na Faransa, wanda ya cika robar gyaran mama da silikon ɗin masana'antu alhali yana riƙe da shaidar Turai, har aka sayar da ita a ƙasashe da dama kafin hukumar Faransa ta dakatar da ita a 2010. Gaskiya ne, kuma babu mai raina abin da ya faru da matan da aka sanya wa. Sai dai a lura da yadda asirin ya tonu. Kamfanin yana yaudarar masu bincike ne da takardun ƙarya, kuma da hukumomi goma sun karanta takardun nan, ƙarya ɗaya za su karanta sau goma. Yawan fashewar robar da likitoci suka riƙa kai rahoto shi ya kai ga binciken da ya gano gaskiya. Haka ƙugun ƙarfe na ASR, wanda aka cire daga kasuwar Ostireliya a ƙarshen 2009 kafin a janye shi a duniya a Agusta 2010: kundin da likitocin ƙashi na Ostireliya suke riƙewa na kowace tiyata ne ya nuna ana sake yi wa masu shi aiki fiye da kima. A fannin haƙori ma barazanar da ta fi kusa da marar lafiya ba ta bi ta ƙofar rajista sam. Hukumar MHRA ta Birtaniya ta sha gargaɗin likitocin haƙori kan jabun injina da fitilu da ake saye da arha ta intanet, kuma a 2012 ta yi gargaɗi kan wata na'urar hoton haƙori ta hannu wadda ba ta da isasshiyar kariya daga tururin da take fitarwa. Hukumar da ta ƙarar da ma'aikatanta wajen sake karanta fayil ɗin da wata ƙwararriyar hukuma ta riga ta karanta ba za ta sami mutanen da za su bi sawun irin wannan kaya ba. Yana da kyau a tuna cewa daga cikin abin da ya fito daga yunƙuri na biyu na ANZTPA akwai tsarin gargaɗin wuri da hukumomin biyu suka fara a 2013, kuma sanarwar 2014 kanta ta ce za a ci gaba da haɗa kai inda yake da amfani. Abin da ya tsira daga rushewar shi ne ɓangaren sa ido.

Suka ta biyu ita ce Tarayyar Turai ta nuna ana iya yin doka ɗaya ga ƙasashe 27, kuma Ostireliya da Niyuzilan kansu suna da hukumar abinci ta haɗin gwiwa, FSANZ. Misalan biyu, idan aka duba su da kyau, suna goyon bayan matsayina ne. Turai tana da doka ɗaya, amma ba ta da hukuma guda da ke ba kayan aiki izinin shiga kasuwa. Cibiyoyin tantancewa ne, waɗanda kowace ƙasa ke naɗa nata, suke ba da shaida, sauran ƙasashe su karɓa, kuma sa ido a kasuwa yana hannun hukumar kowace ƙasa. FSANZ ma rubuta ma'auni take yi, aiwatarwa tana hannun kowace gwamnati, wasu ma'aunan na Ostireliya ne kaɗai, kuma Niyuzilan tana da ƙofar fita daga ma'aunin da ta ga bai dace da ita ba. Wannan sassauci ne ya raya ta. Turai kuma ta nuna cewa doka ɗaya ba ta hana cunkoso. Dokar 2017 ta fara aiki a Mayu 2021, amma cibiyoyin tantancewa suka kasa ɗaukar yawan fayilolin, har a 2023 aka tilasta ɗage wa'adin komawa sabuwar dokar zuwa ƙarshen 2027 da 2028 don gudun ƙarancin kaya a asibitoci. Tun da Ostireliya ta dogara da shaidar Turai, cunkoson ya taɓa ta, kuma ƙofofin da ta buɗe a 2018 ne suka ba ta wurin numfashi.

Suka ta uku ita ce wadda ba zan iya kawar da ita gaba ɗaya ba. Amincewa da juna ma siyasa tana iya karya ta. Suwizalan, gidan Straumann da wasu manyan masu ƙera dashen haƙori, ta daɗe tana da yarjejeniyar karɓar shaidar juna da Tarayyar Turai. A ranar 26 ga Mayu 2021, ranar da sabuwar dokar Turai ta fara aiki, gwamnatin Suwizalan ta janye daga tattaunawar babbar yarjejeniyar dangantaka, Turai kuma ta ƙi sabunta babin kayan asibiti. Daga nan masana'antun Suwizalan suka zama baƙi masu buƙatar wakili a Turai, masu kai kaya Suwizalan su ma sai sun naɗa wakili a can, abin da ya sa wasu suka ga kasuwar mutum kusan miliyan tara ba ta kai wahalar ba. Kayan ba su sauya ba ko da ƙwayar zarra. Amma a duba abin da Suwizalan ta iya yi. Hukumarta, Swissmedic, tana nan daram, ƙasar ta ci gaba da karɓar shaidar Turai bisa raɗin kanta, kuma a 2022 majalisarta ta umarci gwamnati ta buɗe hanya ga kayan da hukumomin wajen Turai suka amince da su. Da ta rushe hukumarta ta narke cikin wata, da ranar rabuwa ba ta da abin kamawa. Niyuzilan ta nuna ɗaya gefen matsalar: ta zartar da sabuwar dokar kayan magani a 2023 wadda za ta kawo tantance kayan aiki, gwamnatin da ta biyo baya ta soke ta a ƙarshen 2024 kafin yawancinta ya fara aiki. Ƙasar da ra'ayinta kan wannan batu yake juyawa da zaɓe ba za a iya ɗaure ta a hukuma guda da wata ba, amma ana iya yarda da ita a kan ma'ana da ma'auni, waɗanda kowace gwamnati ta zo za ta tarar da amfaninsu.

Inda batun ya taɓa mu

Yarjejeniyar Hukumar Magunguna ta Afirka ta fara aiki a Nuwamba 2021, an ba Ruwanda masaukinta, kuma kayan aikin asibiti suna cikin abin da ta shafa. An tsara ta ne don ta haɗa kan hukumomin ƙasashe ba don ta maye gurbinsu ba, kuma tarihin da na kawo yana nuna hikimar wannan zaɓi. A yankinmu ba ma buƙatar a ba mu labarin yadda siyasa ke kaɗa cibiyoyi. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairu 2025, alhali hukumar lafiyar ƙungiyar a Bobo-Dioulasso aka kafa mata hedikwata, cikin ɗaya daga ƙasashen da suka fice. Kaya kuwa bai daina bin hanyar Kano zuwa Maraɗi da Damagaram ba. Matakin ƙwarewa na uku da NAFDAC ta samu daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ya shafi magunguna da alluran rigakafi ne, kuma kayan aiki fanni ne na daban mai buƙatar nasa ƙwararrun. Tun da kusan duk kayan haƙorin da muke amfani da su daga waje suke zuwa, aikin farko shi ne hukumomin Abuja da Yamai su amince da jerin shaidun da dukansu za su karɓa, su raba kaya aji iri ɗaya bisa samfurin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017, su kuma riƙa aika wa juna sanarwar janye kaya da lambar rukuninsa cikin Ingilishi da Faransanci a rana ɗaya.

Akwai batun da zai gwada wannan tun da wuri, wato cikon zaiba. Taron ƙasashen yarjejeniyar Minamata na 2022 ya buƙaci a kauce wa amfani da shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da shi daga Janairu 2025, sai inda likita ya ga larura, ta kuma hana fitar da shi waje. Hajar da aka rufe wa ƙofa a wata nahiya takan nemi inda ƙofa ke buɗe, kuma idan ɗaya daga maƙwabta biyu ta hana ɗaya ta bari, hanin ba zai wuce takarda ba a garuruwan kan iyaka. Madadinsa, kamar simintin gilashi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021, yana buƙatar a shigo da shi da araha, a adana shi yadda zafi da laima ba za su lalata shi ba, a kuma horar da masu aiki da shi. Idan kowace ƙasa ta ce sai an yi masa cikakkiyar rajista da kuɗi daga farko, mai shigo da shi zai zaɓi babbar kasuwa ya bar ƙaramar, likitan da ke ƙaramar kuwa zai saya a hannun wanda ya tsallako da shi ba tare da takarda ba, kuma ranar da aka janye wani rukuni daga kasuwa babu wanda zai san asibitocin da ya shiga.